Kwantaccen Cikin Kubura

Ranar da Kubura ta cika wata huɗu da kwana goma a ɗakin takaba, tun da sassafe ta jiƙa lalle. Ta ciro zanen saƙinta daga adaka ta shanya ya sha iska, ta aika unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a gaya wa 'yarta Lami cewa gobe tana tafe. Mijinta Mu'azu ya rasu da bazara, a shekarar da aka canja hannun tuƙi, kuma tun ranar ba ta taka ko zauren gidansu na Tarauni ba. Ba kwalli, ba kitso, zane ɗaya, ga 'yar wuƙar da ake ba mai takaba ta riƙe duk inda za ta a cikin gida.

Tana cikin kwaɓa lallen sai uwar mijinta, Iya Safara'u, ta ɗaga labule ta shigo. Mu'azu ne kaɗai Allah ya ba tsohuwar, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Kubura, tsakaninki da Allah zan tambaye ki. Tun da yaron nan ya kwanta dama, sau nawa kika yi fashin salla?"

Kubura ta sunkuyar da kai. "Ban yi ba, Iya. Amma ai jinin ya jima yana yi mini haka. Tun bara, in ya zo wata biyu a jere sai ya ɗauke wata uku."

Rabin farko na maganar kawai Iya ta ji. Ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kumatunta. "Alhamdu lillahi. Ashe ya bar baya. Ashe gidan nan bai mutu ba."

Ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar lallen gefe.

To, Kubura ta haura arba'in da biyar, ko da yake ba wanda ya rubuta ranar haihuwarta. Haihuwa bakwai ta yi, ta binne shida, huɗu daga ciki maza. Lami ce auta kuma ita kaɗai ta tsaya, rabonta da ciki kuwa shekara goma sha bakwai. Macen da ta ɗauki ciki sau bakwai ba a koya mata yadda yake. Ta faɗa, ta sake faɗa: "Iya, wallahi ba komai a jikina." Amma a gidan nan ba a ɗauki mai ɗaki a matsayin wadda ta san inda yake mata yoyo ba.

Aka kira Isyaku, wan Mu'azu na wajen uba, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Ya saurara, ya shafa gemu, ya ce wannan magana ta malamai ce, ya saka takalmi ya fita. Bai tambayi malamin abin da ke samun mace in girma ya fara zuwa mata ba. Ce masa ya yi, "Matar mamaci ce, al'ada ta ɗauke mata, kuma tana jin motsi." Malam ya ba da amsar tambayar da aka kawo masa: ta ƙara zama har wata tara, in kuma shakka ba ta gushe ba, ai ciki yakan kwanta har shekaru.

Motsin nan da aka kai gaban malam, a ƙirji Kubura ta ce tana jinsa. Wata rana ce ta yi wa Iya ƙorafin zuciyarta na bugawa fat-fat ba gudu ba tsoro. A hanya tsakanin bakin Iya da bakin Isyaku motsin ya gangaro ya koma mara.

Shi Isyaku faɗuwa ce ta zo masa daidai da zama. Ba a raba gado da ciki a ƙasa, ga gonar Mu'azu ta bayan gari gero ya yi kai. Idan an raba, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Idan ba a raba ba, shi ne mai tsaro, kuma mai tsaron rumbu ba ya kwana da yunwa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya sassauta murya ya ce, "Amanar maraya nake riƙo."

Iya kuwa ta sayar da tasoshinta na aure ta sayo ɗan rago fari mai baƙin kunne, aka ɗaure shi a gindin darbejiyar tsakar gida, daidai saitin ƙofar Kubura. Ragon suna ne.

Daga nan duk abin da jikin Kubura ya yi sai ya zama shaida a kanta. Tana zaune lafiya lau sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji, ya bi wuya ya rufe fuska, gumi ya karyo har zanenta ya jiƙe. Iya ta ce, "Namiji ne. Su ne masu zafi." Ƙugunta ya ƙara kauri saboda zama wuri ɗaya, aka ce ciki ya fara fitowa. Ta zuba gishiri a kunu maimakon tsamiya, aka yi dariya aka ce mai ciki ce. Ta fashe da kuka don kaza ta taka mata tabarma, aka ce haka laulayi yake. Barci ya ƙaurace mata, gwiwoyinta suka riƙa ciwo, fatarta ta bushe tana ƙaiƙayi. Ba wanda ya ce mata sannu da niyyar ita ake yi wa. Cikin ake gaisarwa.

Wata tara ya cika a tsakiyar sanyi, ba naƙuda ba alamarta. Kubura ta yi zaton ta tsira. Iya ta zo ta danna mata mara da tafin hannu, sannan ta ce, "Kwanciya ya yi. Firgitar mutuwar ubansa ce ta kwantar da shi. Sai an tashe shi."

Tashin ciki kuwa aiki ne. Aka fara kawo rubutu kwano-kwano, da jiƙon sassaƙe mai ɗaci da ke sa ta amai. Iya ta hana ta ruwan randa, wai sanyi ne ke ƙara masa barci. Kullum da hantsi a turo kaskon wuta cikin ɗaki, a zuba saiwoyi, a lulluɓe ta da bargo a rufe ƙofa. Matar da wuta ke tashi a jikinta ita kaɗai, ita aka ɗora a kan garwashi. Tana haki tana cewa, "Iya, zan mutu," tsohuwar na daga waje tana riƙe da ƙofa tana amsawa, "Haƙuri za ki yi. Ba don ke ake yi ba."

A cikin watan ne jinin ya dawo. Ya zo da yawa, ya kwana goma sha biyu, har jiri na ɗibarta in ta miƙe. Duk da haka Kubura ba ta taɓa murna da jini irin ta wannan karo ba. Ta ce da Iya, "Kin gani ko? Gani ya kori ji." Isyaku ya sake saka takalmi. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ya ce, "An duba. Mai ciki ma takan ga jini."

Ran nan Kubura ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin na zaman gidan. Ta ɗaga murya a kan wan mijinta. "Yaya, in bai zo ba ciki ne, in ya zo ciki ne. To me zan yi ku yarda ba komai?"

"Kin ji ko, Iya?" in ji Isyaku. "Na ce miki hankalinta ya fara taɓuwa. Ke kuma bari in gaya miki. Kika taka ƙofar gidan nan, kin karya dokar Allah, kuma abin da kika haifa a waje ba namu ba ne. Ki zaɓa."

Wannan kalma ta taɓuwar hankali ita ta fi bargo da kasko yi mata ɓarna, don ita ma tsoron da take ɓoyewa ke nan. Sallar azahar sai ta yi ta sau uku don ba ta san raka'a nawa ta kawo ba. Ta buɗe baki za ta ce a miƙo mata ludayi, sunan ludayi ya ɓace. Kuma tana da wata al'ada tun da daɗewa: bayan kowace salla takan jero 'ya'yanta shida da suka rasu ta yi musu addu'a. Ɗan fari, wanda ba ta faɗin sunansa ko a zuci. Ahmadu. Zainab. Rabi'u. Hadiza. Wata rana ta zo kan na shida ta tsaya cak. Tana ganin fuskarsa, tana ganin ɗan tabon da ke goshinsa, ta tuna ranar da ƙyanda ta tafi da shi, amma sunan ya ƙi zuwa. Ta kwana uku tana lalube. Kunya ta hana ta tambayar Iya, don wace uwa ce za ta tambayi sunan ɗanta?

Daga nan ta fara jin abubuwa. Da tsakar rana, in gida ya yi tsit, sai ta ji kamar gyaran muryar Mu'azu a zaure. Sai ta ji kukan jinjiri, ta leƙa, ta ga ragon nan ne tsaye yana kallon ƙofarta, ya yi ƙiba, ƙahonsa ya fara murɗewa. Wani lokaci ta tsinci hannunta a kan mararta tana saurare. In ta manta sunan ɗan da ta goya shekara biyu, ta ina za ta rantse ba ta manta yadda ciki yake ba?

A tsakiyar wannan hali Lami ta zo gaisuwa da nata cikin, na gaske, wata bakwai, yana gaba tana biye. Cikin fari ne. Bisa al'ada lokaci ya yi da za ta dawo gaban uwarta goyon ciki, ta haihu a gida, a yi mata wankan jego. Mijinta Garba baƙo ne a Kano, leburan masaƙa, ɗaki ɗaya suke haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ba uwa ba 'yar'uwa kusa. Ta zo har da ƙullin kayanta.

Iya ta tare ta a tsakar gida. "Mai da kayanki. Ciki biyu ba sa kwana gida ɗaya. Mai motsi danne kwantacce yake yi."

Inda tsohuwar ta samo wannan doka, Allah kaɗai ya sani. Lami ta shiga ɗakin uwarta ta durƙusa, ta kalli yadda ta rame a fuska, idanu sun faɗa.

"Inna, tsoro nake ji. Ban san komai ba. Matan gidanmu ba ruwan kowa da kowa."

Kubura ta kama ƙafafun yarinyar ta ga sun kumbura, ta danna da yatsa wurin ya lotsa. "Kar ki ɓoye ciwo don kunya, kin ji? Da kin ji bayanki ya riƙe, ki turo Garba. Ko ana ha-maza-ha-mata zan zo."

Bayan tafiyar Lami da kwana biyu, Gwaggo Kulu ungozoma ta biyo ta gidan. Ita ta yanke cibiyar rabin mutanen Tarauni, har da ta Lami. Iya ce ta kira ta don ta ƙaro maganin tashin ciki. Kulu ta kwantar da Kubura, ta laluba marar sama da ƙasa, ta tambaye ta gumi, ta tambaye ta barci, ta tambaye ta mantuwa. Sai ta yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba.

"'Yar nan, ba ciki gare ki ba, kuma ba hauka kike ba. Girma ne ya ƙwanƙwasa. Jinin nan baƙo ne, in zai tafi ba ya tafiya rana ɗaya, sai ya yi ta dawowa kamar ya manta sandarsa. Ni shekara huɗu na yi ina jiƙa zane, ina neman maɓallin da ke hannuna. Zai wuce. Ruwan sanyi kike so, da iska, da mutane." Ta juya ga Iya. "Safara'u, ke ma kin bi ta hanyar nan. Ni na ba ki sabara kika sha lokacin naki. Ki ji tsoron Allah."

Iya ta kau da kai. Ta sani. Can ƙasan ranta ta sani tun ranar lalle. Amma yarda da Kulu na nufin ta sake binne ɗanta, wannan karon ba saura. Ta nuna ƙofa da sanda. "Hassada ce ke cin ki. Kar in ƙara ganin ƙafarki a gidan nan."

Maganar Kulu ta zauna wa Kubura kwana biyu kamar ruwa a maƙogwaron mai azumi. Sai aka dawo da kasko da bargo, Isyaku ya ce ungozoma ba malama ba ce, shakka ta dawo ta zauna inda ta saba.

Bazara ta zagayo. Wata Talata bayan azahar, Kubura na kwance a kan tabarma gumi ya rufe ta, sai ta ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Ta ji sallama, muryar Garba. Ta ji "tun jiya", ta ji "Lami". Ta ji muryar Isyaku ƙasa-ƙasa yana cewa haihuwar fari dama takan daɗe, mai takaba ba ta fita, a yi ta addu'a. Ta yunƙura ta fito tsakar gida da wuƙarta a hannu, ta tarar da Iya tana ba rago dusa.

"Iya, Garba ne ya zo? Lami ce?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Wane Garba? Ba wanda ya zo. Kunnenki ne ya fara kuma. Jiya ba cewa kika yi kin ji yaron nan yana gyaran murya ba? Koma ki kwanta kar ki wahalar mini da jika."

Kubura ta tsaya. Ta saurara. Ba keke, ba murya, sai kurciya a kan darbejiya. Wata takwas ke nan ana gaya mata abin da ta ji ba shi ba ne, abin da ba ta ji ba shi ne. Ta juya ta koma ɗaki ta kwanta.

Washegari da hantsi Gwaggo Kulu ta faɗo gidan ba sallama, ta wuce Iya kamar ba ta gan ta ba.

"Tashi, Kubura. 'Yarki na da rai. Sai da asuba Garba ya gano gidana. Kwana biyu yarinyar nan tana durƙushe ita kaɗai, tana cizon zane don kar maƙwabta su ji. Da an kira ni jiya da rana, da wata maganar ake."

Kubura ba ta tambayi sauran ba. Ta yafa mayafi ta nufi zaure. Isyaku na zaune a kan buzu, ya ce, "Ina za ki? Kin tuna abin da na gaya miki?" Ta ɗaga ƙafa ta tsallake buzunsa ta fita.

Shekara guda rabonta da ganin hanya. Ta bi ta cikin gonakin da aka fara yankawa fuloti, ta tsallaka titin Zariya manyan motoci na yi mata hon, ba ta ma lura cewa babu takalmi a ƙafarta ba sai da ta shiga lungunan Gyaɗi-Gyaɗi. A ƙofar gidan hayar ta ci karo da Garba da maza uku suna dawowa, ɗaya na riƙe da fartanya, ɗaya da 'yar tabarma a naɗe ba komai a ciki.

Lami na kwance fuskarta ga bango. Da ta ji hannun uwarta ba ta juyo ba. "Inna, na turo shi. Kin ce in turo shi."

"Na ji shi," in ji Kubura. "Wallahi na ji shi."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta nemi tukunya mafi girma a gidan, ta aika Garba ya samo itace da ganyen darbejiya, ta hura wuta. Jego jego ne, ko da hannu wofi.

Da la'asar Isyaku ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a zaure ya yi ta'aziyya, ya ce haka Allah ya ƙaddara, wanda bai zo da kwana ba ba mai ba shi. Sannan ya miƙo wata kwalba. "Iya ta ce ki sha wannan, kuma ki dawo kafin magariba. Ta ce tafiyar ƙasan nan da kika yi, kar ta taɓa cikin."

Kubura ta dube shi, ta dubi kwalbar. Ta kwance 'yar wuƙar takaba daga bakin zaninta ta ajiye a ƙasa a gabansa.

"Yaya, ka gaya wa Iya jinin ɗanta da take jira ya zo. Namiji ne. Gwaggo Kulu ta ce har goshin kakansa ya ɗauko. Wata tara yana motsi a Gyaɗi-Gyaɗi, kowa na gani, kuka kore shi daga gida don kar ya dami wanda babu. An binne shi da hantsi. Ragon kuma ta yi yadda ta ga dama da shi."

Isyaku ya juya. Ya bar kwalbar a dakali ya tafi.

Irin wannan ba a kai shi gaban alƙali. Ba wanda ya daki kowa, ba wanda ya zagi kowa. Tsohuwa ta so jika, dattijo ya riƙe amana, malam ya amsa abin da aka tambaye shi, matan unguwa da suka bi ta wannan hanya ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru don maganar jini ba ta faɗuwa. Abin da duk macen da ta yi tsawon rai za ta gamu da shi, shi aka mai da aljani a ɗakin Kubura, aka tsare ta shekara guda tana gadinsa.

Ruwa ya tafasa. Kubura ta tsoma ganye, ta ɗago Lami ta jingina ta a ƙirjinta. Tana cikin yi mata wankan sai zafin nan ya taso mata daga ƙirji, ya bi wuya ya rufe fuska. Ta tsaya ta bar shi ya wuce, ta ɗebi ruwan randa a moɗa ta shanye, ta ci gaba.

Da ta idar da sallar magariba ta ɗaga hannu ta fara jero su kamar kullum. Ɗan fari. Ahmadu. Zainab. Rabi'u. Hadiza. Sai na shida ya zo bakinta da kansa, ba lalube: Inuwa. Ta maimaita shi sau uku, hawaye na zuba. Sannan ta ƙara na bakwai, wanda bai kai ranar suna ba.

A Tarauni kuwa, an ce har damina ta sauka ragon na nan ɗaure a gindin darbejiya, Iya Safara'u na kai masa dusa safe da yamma.